Yadda ake lissafin ruwa da lemo da zoɓo don babban taron biki

Abinci kan kai ƙarshen taro, abin sha ne ke yankewa ana tsaka da hidima, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an yi lissafi da yawan katin gayyata maimakon yawan bakin da zai sha. Saboda haka kafin a je wurin dila, a fara tsayar da adadin mutane na gaskiya.

Idan a zauren taro ne mai katin shiga da masu tsaron ƙofa, a ƙara kashi 20 cikin 100 a kan waɗanda aka gayyata. Idan a ƙofar gida ne ko fili buɗaɗɗe, a ƙara rabi, wani lokaci ma ninki, musamman yinin mata inda kowace kan zo da ƙanwa ko ƙawa da yara biyu. Sannan a sa masu rabon abinci da masu hoto da direbobi da masu gadi, don su suka fi kowa daɗewa a wurin, suka kuma fi kowa jin ƙishi.

Bayan adadi sai tsawon lokaci da yanayi. Ɗaurin aure da za a watse cikin rabin awa ruwa ɗaya ya ishi mutum. Walima ko dina ta awa 3 zuwa 4 kuwa, ma'aunin da ke aiki shi ne abin zaƙi biyu ga kowane mutum, da ruwa rabin lita sau uku a bazara, wato daga Maris zuwa Mayu. A hunturu ruwa biyu sun wadatar, kuma shayi kan rage wa lemo kasuwa. Abinci mai yaji da maiƙo yana ƙara shan ruwa fiye da yadda ake zato.

A ɗauki walimar mutum 400 a zaure, awa 4, cikin Afrilu. Da ƙarin kashi 20 sun zama 480, da masu hidima a ce 500. Ruwa uku-uku ya kama 1,500, kuma tunda ledar fiya wata guda 20 ce, leda 75 ke nan. Abin zaƙi guda 1,000 ne. Rabon da ya dace shi ne lemo 600, zoɓo 250, kunun aya 150. Lemon roba 12 ne a ƙulli, don haka ƙulli 50. In na kwalba ne, 24 ne a kiret, kiret 25 ke nan. Zoɓo 250 a roba mai 35cl ya kai lita 87 da rabi, wato jarka mai lita 25 guda uku da rabi, sai a haɗa huɗu saboda zuba da tata. Kunun aya 150 kuma jarka biyu da ɗan ɗoriya.

An rage kunun aya da gangan, ba don ba a son sa ba. Shi ne ya fi saurin lalacewa: in ya bar sanyi a rana mai zafi, cikin 'yan awoyi sai ya yi tsami ya fara yauƙi, balle an sa masa dabino da kwakwa. A markaɗa shi da asubar ranar, a sa shi a ƙanƙara nan take, a kuma fara rabo da shi. Zoɓo yana da tsami na kansa da ke ƙara masa juriya, ana iya dafa shi tun daren jiya a ajiye a sanyi. A ware roba 30 ko 40 marasa sukari don dattawa da masu ciwon suga, a yi musu alama a murfi.

Inda lissafi ya fi rushewa shi ne ƙanƙara. Lemo mai ɗumi ba a shanye shi. A buɗe, a kurɓa, a ajiye, a nemi wani, sai ka ga kaya sun ƙare alhali tebura cike suke da robobi rabi-rabi. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana iya sanyaya kamar lita biyu na abin sha da ya ɗau zafin ɗaki. Misalinmu ya kusa lita 1,200, ke nan kilo 600 in ba a sanyaya komai tun farko ba. Hanyar rage wannan ita ce a daskarar da kashi ɗaya cikin uku na fiya wata a firiza kwana biyu kafin taro, su zama ƙanƙarar sauran, in sun narke a sha. Kada a yi haka da lemon kwalba, fashewa yake yi. A ganga ko kula, a jera robobi, a fasa bulon ƙanƙara a kai, a zuba ruwa har ya shafe su, don ruwan ne ke kai sanyi ko'ina a jikin roba. Awa ɗaya ta isa. A ajiye gangar a inuwa, a rufe da buhu.

Wajen saye, a yi magana da dila tun farko cewa zai karɓi duk ƙullin da ba a farke ba. Wanda ya shiga ruwa ba ya komawa, saboda haka a bar kashi ɗaya cikin biyar a ɗaure a ɗakin ajiya, sai an ga gangar farko ta yi rabi a tsoma shi. Mai sayen na kwalba ya sani akwai kuɗin ajiya na kiret da kwalabe, duk wadda ta ɓata ko ta fashe shi zai biya. A taro buɗaɗɗe roba ta fi kwanciyar hankali.

Kada a jere komai a tebur tun kafin baƙi su zauna, don rabinsa jaka zai shiga a matsayin tsarabar yara. Ruwa kawai za a fara ajiyewa. Abin zaƙi na farko ya fito tare da abinci, na biyu bayan awa ɗaya. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe makullin ɗakin ajiya, yana rubuta ƙulli nawa ya fita da wanda ya karɓa. In ana son baƙi su tafi da lemo gida, a saye shi daban a sa cikin ledar rabo, kada a cire daga 600 ɗin da aka ware don sha a wurin.