Saka roba a jijiyar sabkilebiyan: yadda nake koya wa ƙananan likitoci

A Gombe, masu buƙatar wannan roba, wato siririn bututun da ake zurawa cikin babbar jijiya don ƙarin ruwa da magani, galibi waɗanda jijiyoyin hannunsu suka ɓace ne: mai ƙunar wuta, wanda taifot ya huda wa hanji, ko wanda aka kwaso daga hatsari a hanyar Bauchi. Ina son sabkilebiyan, jijiyar jinin da ke ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, domin ba ta lotsewa ko jini ya yi ƙasa, kuma ta fi ta matsematsi tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai huhu na maƙwabtaka da ita.

Kafin ka buɗe kaya, duba ko jinin mara lafiya yana daskarewa daidai. Jijiya mai bugawa tana bayan wadda kake nema, ƙashi ya rufe ta. In ka huda ta, ba inda za ka danna. Mai ciwon ƙoda da zai iya buƙatar wankin ƙoda kuwa, bar masa wannan jijiya, don roba kan tsuke ta.

Yi wa mara lafiya bayani, ya amince. Nakan ce, "Baba, za ka ji an danna, amma kada ka motsa." A kwantar da shi rigingine, kai ya ɗan yi ƙasa kamar digiri 15, hannu a miƙe jikin cinya. Hula, takunkumi, riga, safar hannu, duka. Goge fata da kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka bari ta bushe, ka lulluɓe, ka kashe wurin da lidoken.

Ka lalubo ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Inda ya lanƙwasa, sauko santimita 1 zuwa 2, nan ne mashiga. Ɗora manuniyar ɗaya hannun a kwarmin gindin wuya, can allura za ta dosa. A nan nake tsayawa kan kowa: allura a kwance take tafiya, daidai da shimfiɗar gado. Ka taɓa ƙashin da bakinta, sannan ka danne ta da babban yatsa ta zame ƙarƙashinsa, kana jan sirinji a hankali. Da ka ɗaga gindinta, bakinta ya nufi huhu. Jini mai duhu da ke shigowa salin-alin shi kake nema. Ja wur mai tsartuwa, ko iska a sirinji, zare nan take. In akwai na'urar sikanin, yi amfani da ita.

Sauran hanyar Seldinger ce, wadda wani likitan Suwidin mai wannan suna ya fito da ita a 1953. Cire sirinji, toshe bakin allura da yatsa kada iska ta shiga, zura waya. In ta cije, kada ka tilasta. In bugun zuciya ya rikice, ta yi nisa, ja baya kaɗan. Zare allura, tsaga fata, buɗa hanya, zura roba kan waya, wajen santimita 15 a dama, a hagu a ƙara kaɗan. Wayar nan kada ta bar hannunka ko na ƙiftawar ido. Ja jini a kowace kafar robar, wanke da ruwan gishiri, ɗinke, rufe.

Ka soka sau 3 ba ka samu ba, kira wanda ke gaba da kai, kuma kada ka tsallaka ɗaya gefen sai an ga hoton ƙirji. Ko an dace ma hoton dole ne: bakin roba ya tsaya kusa da inda bututun iska ya rabu biyu, huhu kuma a buɗe. Iskar da ta taru a ƙirji kan bayyana bayan awanni, don haka ka gaya wa nas mai aikin dare ta sa ido kan numfashinsa.