Kurakuran da ake tafkawa wajen fassara sunayen ƙauyukan Ingila

Wallahi na gaji da ganin sabbin masu sha'awar tarihin Ingila suna ɗauko sunan ƙauye su buɗe ƙamus su fassara shi kamar Turancin yau ne. Wannan kuskuren shi ke ɓata komai. Ɗauki Upper Slaughter da Lower Slaughter da ke Gloucestershire, mutum na ganin sunan sai ya ce ai nan aka yi wa mutane yankan rago a wani yaƙi, har ya ƙaro labari daga aljihunsa ya watsa, wasu kuma su kwafa. Babu yankan da aka yi malam, tsohuwar kalma ce mai nufin wuri mai taɓo, shi ke nan. Haka Great Snoring na Norfolk, ba ruwansa da minshari, mutanen wani ne mai suna Snear suka zauna a wurin.

Sunayen nan da yawansu sun haura shekara 1000, baki ya tauna su ya sauya musu kama, to don Allah ta yaya za ka auna su da rubutun yau? Ni dai ba na cewa uffan sai na ga yadda aka rubuta sunan a da, kuma inda nake fara leƙawa shi ne Domesday Book, kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Nottingham ma da S take farawa a tsoffin takardu, mazaunin mutanen wani Snot, daga baya S ɗin ta faɗi.

Sai masu haddace ƙarshen suna, sun ji an ce ham ƙauye ne shi ke nan sun zama malamai. Ku yi a hankali, kalmomi biyu ne suka haɗe a rubutu, ɗaya mazauni, ɗaya fili a bakin ruwa. Birmingham ta farko ce, amma West Ham da ƴan ƙwallo ke ta ambato ta biyun ce, tana gefen kogin Lea. In na yi shakka taswira nake buɗewa in duba ko akwai rafi kusa.

Kuma a daina cewa duk sunayen Turanci ne. Masu ƙarewa da by ko thorpe irin Grimsby da Scunthorpe na Vikin ne, wato mayaƙan teku da suka zo daga arewacin Turai, shi ya sa suka taru a arewa da gabas. Chester da caster daga Latin suka fito, sansanin sojan Rum. Avon kuwa a harshen Biritaniyawan farko kogi kawai yake nufi.

Wani kuskuren kuma, Cambridge ba daga sunan kogin Cam ta samo suna ba, kogin ne ya ara daga garin, asalinsa Granta ake kiransa.