Yadda Ake Sa Ajiyayyen Aiki Ya Kira Kansa Lami Lafiya a Rumbun Bayanai

Ajiyayyen aiki, wato jerin umarnin SQL (yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi) da ake adanawa cikin rumbun bayanai ana kiransa da suna, yana iya kiran kansa, misali wajen bin teburin ma'aikata daga shugaba zuwa na ƙasa da shi. Haɗarin shi ne kiran ya rasa inda zai tsaya.

Da farko, ka rubuta sharaɗin tsayawa: idan ma'aikacin ba shi da kowa a ƙarƙashinsa, aikin ya dawo nan take.

Na biyu, ka san iyakar manhajarka. SQL Server, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, ba ya wuce hawa 32 na kira a cikin kira, kuma @@NESTLEVEL yana nuna hawan da kake. A manhajar MySQL, saitin max_sp_recursion_depth, wanda ke iyakance zurfin kiran, yana kan 0 tun asali, ma'ana an hana kiran har sai ka ɗaga shi, kuma ba ya wuce 255. Sai dai kada ka jira manhaja ta tsayar da kai. Ka miƙa wa aikin lambar zurfi wadda ke ƙaruwa da ɗaya a kowane kira, domin in ta kai iyakar da ka sa, ya tsaya da saƙon kuskure mai ma'ana.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne zagaye a cikin bayanan kansu. Idan aka shigar da ma'aikaci 7 a matsayin shugaban 12, aka kuma sa 12 shugaban 7, sharaɗin tsayawa ba zai taɓa cika ba, ko da rubutunka ba shi da aibi. Maganin shi ne teburin wucin gadi da kiran farko zai ƙirƙira, inda ake rubuta kowace lambar da aka ziyarta, a kuma duba shi kafin kowane sabon kira.

Na huɗu, a SQL Server ka bayyana CURSOR (abin da ake bin layukan sakamako ɗaya bayan ɗaya da shi) a matsayin LOCAL, wato na wannan kiran kaɗai, in ba haka ba kira na biyu yana iya tarar da sunan yana aiki. Haka kuma ka bar BEGIN TRANSACTION, umarnin da ke buɗe rukunin canje-canje, ga kiran farko kaɗai, domin ROLLBACK, umarnin soke canje-canje, daga kiran ciki yana warware komai.

Idan karanta bayanai kawai kake so, tambayar SQL mai kiran kanta, wadda ake farawa da WITH, ta fi dacewa. SQL Server yana tsayar da ita a hawa 100, MySQL 8.0 a 1000, PostgreSQL 14 kuwa ya kawo CYCLE don gano zagaye. A SQL Server, kada ka sa MAXRECURSION, saitin wannan iyakar, a kan 0 kafin ka tabbatar bayanan ba su da zagaye, domin hakan yana cire iyakar gaba ɗaya.