Yadda Ake Auna Tafiyar Tsohon Ɓera Bayan An Ba Shi GDNF

Ɓeran ɗakin gwaji, irin Wistar da aka fi samu a jami'o'inmu, da wuya ya haura shekara uku. Da ya kai wata 24 tsufa ya kama shi: ƙafafun baya su yi nauyi, zirga-zirga ta ragu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne raunin jijiyoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin, sinadarin da ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki. GDNF, furotin ɗin da aka gano a 1993, yana raya waɗannan jijiyoyi, amma ba ya ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka allura a cinya asarar kuɗi ce. Sai an sa ɓeran barci, an huda ƙoƙon kai, an zuba kai tsaye. Aikin ƙwararre ne, kuma sai kwamitin kula da dabbobin gwaji ya amince.

Awon sakamako kuwa, ko a Wudil ko Kafin Hausa ana iya yin sa. Kafinta ya fere katako mai tsawon mita 1, faɗin santimita 2.5, a ɗora shi santimita 50 daga ƙasa, a shimfiɗa katifar soso a ƙarƙashi. A ƙarshensa a ajiye akwati mai duhu da ɗan diddigar katakon kejin ɓeran. Warin gida ne ke jan sa ya tsallaka. A koya masa kwana uku kafin tiyata, sau uku kullum, a rubuta daƙiƙun da ya ɗauka da yawan zamewar ƙafar baya. Idan babu wannan awon farko, babu abin kwatantawa daga baya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne nauyi. GDNF yana rage cin abinci, ɓera ya rame, ramamme kuma ya fi sauƙin tafiya a kan siririn katako. Sai a ɗauka jijiya ce ta warke, alhali teɓa ce ta zube. A auna nauyi duk mako. A kuma ware rukunin da aka yi wa tiyata iri ɗaya amma ruwan gishiri kawai aka zuba musu, kuma kada mai riƙe agogo ya san wane ne wane.

Sai zafin bazara. Ɓera yana son ɗaki tsakanin digiri 20 da 24. A Afrilu da ake haura 40, tsoho kwanciya kawai zai yi, wani ma ya mutu. In babu sola mai riƙe na'urar sanyaya ɗaki, a jira hunturu. Furotin ɗin ma a raba shi ƙananan kwalabe a daskarar, domin duk ɗauke wutar da ta narkar da shi tana rage masa ƙarfi.

A riƙa awon a lokaci ɗaya kullum, a goge katakon da sifirit mai kashi 70 tsakanin ɓera da ɓera, in ba haka ba na baya zai tsaya shinshinar fitsarin na gaba, agogo yana ta tafiya.