Kurakuran da aka fi yi wurin ƙara wa mota ƙarfi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega ya san takaicin a taka totur a zo wuce tirela, mota ta ƙi ja. Daga nan sai gareji, a ce wa makanike ya san yadda zai yi ta ƙara gudu. Abin da na lura shi ne, yawancin gyaran da ake yi da sunan ƙarin ƙarfi cire-cire ne kawai, kuma bayan wata biyu sai mai mota ya gane an rage masa ne.

Na farko, kuma wanda ni kaina na faɗa ciki, cire tamostat. Ranar da na shigo da Corolla 2005, 'yar Kwatano, makaniken da na kai wa ya zaro shi ya ɗora mini a tafin hannu, ɗan ƙarfe da bai kai murfin kofi ba. Ya ce, "Alhaji, wanga abu na ƙasar sanyi na, mu nan mi za mu yi da shi?" Ya kuma haɗa fanka kai tsaye, da an kunna mota ta hau juyawa. Na ji daɗi, don allurar zafi ta daina tashi. Ashe aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a wajen digiri 80 zuwa 95, inda yake ƙona fetur yadda ya kamata. In babu shi, musamman da sanyin safiyar hunturu, kwamfutar mota tana ɗauka inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Fulogi ya yi baƙi, mota ta yi nauyi, ga tsadar fetur tun cire tallafi a 2023. In motarka na zafi a watan Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa. Tamostat kuwa a mayar da sabo.

Sai fasa salansa a kwashe abin nan da ake kira indomi, wanda ke rage gubar hayaƙin mota. In ya toshe da gaske, mota kan shaƙe, kuma canja shi ne magani. Amma lafiyayye ake cirewa, wasu ma don su sayar ne, saboda akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa. Ka tsaya a kan motarka duk ranar da za a taɓa salansa. Ƙarar da take yi bayan an cire, kunne kawai take ruɗa.

Matatar iska ma haka. Samari na son irin mai kama da mazurari, wadda ake barin ta a fili cikin bonet. A can iskar zafi take zuƙa, kuma ƙurar da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta raga mata. Ta asali, sabuwa, a cikin akwatinta, ta fi. Ka zaro taka ka ɗaga ta saitin rana. In haske bai ratsa ba, ta gama aiki, busa ta da iskar mai faci ba zai dawo da ita ba.

Wurin juye kuma, kowa baƙin mai 20W-50 ake ɗura masa, wai mai kauri ya fi jure zafi. Irin tawa 5W-30 aka rubuta mata. Duba murfin da ake zuba baƙin mai ko littafin motar.

Manyan wili ado ne. Sun fi nauyi, tayarsu siririya ce, rami ɗaya a hanyar Koko zuwa Yawuri ya isa ya lanƙwasa su. Gara kuɗin ya tafi a taya mai kyau daidai da girman asali. A jikin taya akwai lamba huɗu: 2322 na nufin an ƙera ta a mako na 23 a shekarar 2022, don haka kada a sayar maka da tsohuwa don an goge ta da mai. Iska kuma a bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, a auna da safe kafin taya ta ɗau zafi. Mai faci yakan cika ta har sai ta yi tauri kamar dutse, sai ka ce masa ya tsaya.