Darasi na Bakwai: Ƙazuwa, Makero da Ƙyasbi

Ba duk ƙaiƙayi ne ke da magani ɗaya ba. Mutum ya je kemis ya ce a ba shi "maganin ƙuraje", a miƙo masa man shafawa, ya shafa kwana uku abin ya lafa, bayan sati biyu kuma ya dawo fiye da na da. Kuɗi ya tafi, ciwo yana nan. A wannan darasi za mu koyi bambance cututtukan fata uku da suka fi damun gidajenmu, da yadda ake maganin kowacce.

Ƙazuwa

Ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, ƙanƙane ƙwarai, da wuya ido ya gan shi. Tamatar tana haƙa rami a cikin fata kamar yadda gara ke bin katako, ta zuba ƙwai a ciki. Shi ya sa sabulu da soso kaɗai ba sa fitar da ita. Mai wanka sau uku a rana ma yana iya kamuwa, don haka kada kunya ta hana kowa zuwa asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci akwai mutum fiye da miliyan 200 da ke fama da ita, kuma a shekarar 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Babbar alamarta ƙaiƙayin dare. Da rana yaro yana wasansa, da an kwanta jiki ya ɗau ɗumi sai susa ta tashi, har a ji ƙarar farce a cikin duhu. Da safe ku kama hannunsa ku buɗa yatsun a wurin haske. Za ku ga ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu. Ku duba hammata, cibiya, ƙugu inda mazagi ke zama, ɗuwawu da matse-matsi. Ga mata, har ƙasan nono. Jariri kuwa tana fito masa a tafin hannu da tafin ƙafa, wani lokaci har kai. Idan kuma mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna susa, to kusan magana ta ƙare.

Tana yaɗuwa ne ta haɗa jiki na tsawon lokaci, da kwana a shimfiɗa ɗaya, da aron tufafi. Saboda haka ta fi yawa inda ake cunkoso: tsangaya, makarantar kwana, gidan yari, sansanin 'yan gudun hijira, da gida mai yara da yawa a katifa guda.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Wanda ya kamu a karon farko yana iya yin sati huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana rarraba wa wasu. Wata uwa ta kai ɗanta asibiti, malamar asibiti ta tambaye ta:

"Hajiya, su nawa ne suke kwana tare da shi?"

"Su huɗu ne, Malama, amma shi kaɗai ke susa."

"To duk su huɗun za a shafa wa, har da ke da maigidan, kuma a dare ɗaya."

Wannan shi ne sirrin maganin. In an yi wa yaro ɗaya aka bar saura, zai warke ya sake ɗauka daga ƙaninsa, a yi ta zagaye har shekara.

Magungunan da aka fi bayarwa su ne man permethrin, da ruwan benzyl benzoate mai kama da madara, da man farar wuta. A yi wanka, a tsane jiki, sannan a shafe shi gaba ɗaya daga wuya har tafin ƙafa, da inda ke ƙaiƙayi da inda ba ya yi. A yanke farce a cusa maganin ƙarƙashinsa. Permethrin yana kwana a jiki, awa 8 zuwa 14, kafin a wanke. Wanda ya wanke hannu a tsakani, ko ya yi alwala, ya sake shafawa a wurin. Bayan kwana 7 a maimaita, domin ƙwan da ya tsira ya ƙyanƙyashe a lokacin. Benzyl benzoate yana da raɗaɗi, kuma ana sirka wa yara shi da ruwa, don haka a bar ma'aikacin lafiya ya faɗi awon. Akwai kuma ƙwayar ivermectin ta sha, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba.

Washegari a wanke tufafi da mayafai da zanin gado da ruwan zafi, a shanya a rana, a goge in da hali. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda kwana uku ko fiye, don ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ya bar jikin mutum. Ƙaiƙayi yana iya ci gaba sati biyu zuwa huɗu bayan magani, wannan ba ya nufin bai yi aiki ba.

Kada a raina gyambon da susa ta haifar. In ƙurajen suka yi mugunya ko ɓawo mai ruwan zuma, wata cuta ce ta shiga, kuma tana iya taɓa ƙoda. Yaron da fuskarsa ta kumbura, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, a kai shi asibiti a ranar.

Makero

Makero ba ƙwaro ba ne, dangin fumfuna ne. A kan yaro yana fitowa zagaye-zagaye, fari-fari da ɓawo, gashin wurin ya kakkarye. A jiki kuma yana yin zobe mai tudu a baki. Ana ɗaukarsa daga kilifar mai aski, askar wanzami, mataji, hula, matashin kai, har daga kyanwa da ɗan maraƙi.

Na jiki yana jin man clotrimazole, safe da yamma, sati biyu zuwa huɗu. Na kai kuwa shafawa kaɗai ba ta isa ba, saboda cutar ta shige tushen gashi. Sai an sha ƙwaya, yawanci griseofulvin, kullum har sati shida zuwa takwas, tare da abinci mai maiƙo ko madara don jiki ya karɓe ta. A nan ne iyaye da yawa ke gajiya su daina da zarar ɓawon ya ɓace. A daure a kai ƙarshe. Mai ciki ba ta shan wannan ƙwaya.

Abin da ke sosa rai shi ne ganin kan yaro an goge shi da baƙin mai, ko man birki, ko ruwan batir, ko fiya-fiya. Waɗannan ƙona fata suke yi, fiya-fiya kuma guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini. Wurin da ya ƙone sosai gashi ba ya sake tsirowa. Haka man shafawar nan masu haɗe-haɗe da wasu ke bilicin da su: suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma makero ƙara faɗi yake yi a ƙarƙashinsu, fata kuma ta yi ta sirancewa.

Ƙyasbi

Shi kuma dabbare-dabbare ne a ƙirji, baya da wuya, yana ƙaruwa lokacin zafi da gumi. In aka kankara da farce sai ɗan gari ya tashi. Ba shi da haɗari. Ana wanka da sabulun ruwa mai ketoconazole ko a shafa clotrimazole, sai dai launin fata yana ɗaukar watanni kafin ya daidaita.

Amma akwai tabon da ke kama da ƙyasbi alhali ba shi ba ne. In tabo ya yi haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, a sa mutum ya rufe ido a taɓa wurin da bakin auduga. In bai ji ba, yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa da ƙwayoyi na wata 6 ko wata 12, kyauta ake ba da su a asibitocin gwamnati da ke kula da ita, kuma wanda ya fara da wuri ba ya rasa yatsa.

Aiki

Ku kwafi waɗannan kalmomi a littafinku, ku karanta su da ƙarfi: ƙazuwa, ƙaiƙayi, ƙyasbi, ɓawo, yaɗuwa. Sannan ku amsa: me ya sa ake yi wa duk mutanen gida maganin ƙazuwa a dare ɗaya? Sati nawa ake shan maganin makeron kai? Kafin darasi na gaba, kowa ya duba kawunan yaran gidansa da tsakanin yatsunsu, ya rubuta abin da ya gani a jimla biyu.