Yadda ake tsara shafin intanet na makaranta kafin a taɓa kwamfuta

Shafukan makarantun kuɗi da yawa, kana buɗe su abin da zai tarbe ka shi ne ƙaton hoton mai makaranta da dogon jawabinsa na maraba. Uban da ya shigo kuwa ba wannan ya kawo shi ba. So yake ya san nawa ne kuɗin zango, yaushe ake sayar da fom, kuma a wace unguwa makarantar take. Shi ya sa da biro da takarda ake fara wannan aiki.

Da farko, zauna da wanda wayar makarantar take hannunsa, ka ce ya faɗa maka abin da iyaye suka fi damun sa da shi. Za ka ji irin su: “Malam, akwai motar ɗaukar yara?” “Kuna haɗa boko da Islamiyya?” “A nan ake zana WAEC da NECO, ko sai an kai yara wata makaranta?” Rubuta kowace tambaya a 'yar guntuwar takarda daban.

Sai ka baje su a tebur, ka kasa su kashi-kashi kamar mai kasa tumatir. Kowane kashi shi ne zai zama shafi guda: neman gurbi, kuɗin makaranta, tsarin karatu, sanarwa, yadda za a same mu. Kada su wuce biyar ko shida. Tarihin makaranta da jawabin shugaba su samu kusurwarsu a ciki, ba a bakin ƙofa ba. Akwai masu makarantar da ba sa son a bayyana kuɗin zango, wai kada abokan gasa su gani. A ganina wannan ɓata lokaci ne, don da kira ɗaya kowa zai ji farashin.

Mataki na uku zane ne. Zana akwati mai tsawo daidai fuskar waya, ba faffaɗa irin ta kwamfuta ba, tunda a waya iyaye za su buɗe. Google ma ya sanar a 2023 cewa ya gama komawa duba yadda shafi yake a waya wajen jera sakamakon bincike. A sama sa sunan makaranta, jimla ɗaya da ke faɗin azuzuwan da ake da su, sai maɓallin kira da na WhatsApp. Sanarwa ta biyo baya, hotuna can ƙasa.

Na huɗu, kuma nan aka fi yin sakaci: a rubuta komai kafin a kira mai gina shafin. Adireshi ya zo da kwatance irin wanda za ka yi wa ɗan adaidaita, a haɗa da taswirar Google Maps. In za a yi da Hausa, a gwada salon haruffan da aka zaɓa da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, domin wasu sukan mayar da su akwatuna. Salon haruffa na Noto Sans yana ɗauke da su duka. Hotuna a rage musu nauyi, a mayar da su WebP, wato nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, kada buɗe shafi ɗaya ya cinye wa mutum data. Hoton yaro kuma sai da yardar iyayensa, sakamakon jarrabawa ba a baje shi kowa ya gani. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai an nemi izinin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Daga nan sai suna, wato adireshin shafin a intanet. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, kuma an ware .sch.ng don firamare da sakandare. A yi rajistar da sunan makaranta da imel ɗinta, kalmar sirri ta zauna a ofis. In aka bar ta hannun mai gini, ranar da aka saɓa da shi shafin ya tafi. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ya isa wannan aiki, kuma malami ɗaya zai iya koyon sa sanarwa a ciki. A zaɓi malamin tun yanzu, a ba shi ranar sabunta shafin duk farkon zango.

Kafin a sanar da kowa, miƙa wa wata uwa ƙaramar wayar Android a inda sabis ba shi da ƙarfi, ka ce ta nemo kuɗin aji ɗaya na firamare. Kada ka nuna mata komai. Duk inda ta tsaya tana lalube, koma kan takardarka ka gyara wurin.